Yunƙuri na Huɗu a Harlan Ferry

Shekara talatin da shida Ozella Tubbs tana zuwa kallon ƙwallon Amurka da mijinta, amma ko sau ɗaya ba su taɓa zama tare ba. Mota ɗaya suke shiga, ita da kular soyayyar kaza, shi da farar hularsa. Da sun isa filin jami'ar Harlan Ferry sai ya ce, "To Zella, sai an tashi," ya bi ƙaramar ƙofar ma'aikata, ita kuma ta zagaya ta nemi layi na uku.

Mijin nata, Hollis, ɗan sarƙa ne. Su uku ne a bakin layi: biyu riƙe da sanduna da sarƙar yadi goma a tsakaninsu, na ukun riƙe da doguwar sanda mai allon lamba a ka. Hollis ne mai allon. Ƙungiyar da ke da ƙwallo yunƙuri huɗu gare ta ta ci yadi goman nan, in ta kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Shi aikinsa ya juya lambar, ɗaya, biyu, uku, huɗu, ya dasa sandar daidai inda alƙalin gefe ya sa diddigensa. 'Yan sarƙa mutanen gari ne, ba alƙalai ba, amma dokar alƙalai ce a kansu. Ba tafi, ba ihu, ba sa rigar ƙungiya, ba waiwaye wajen 'yan kallo. Ko a gabanka aka ci, fuskarka ta zauna kamar ta mai jiran likita. Sauran ranakun mako Hollis wasiƙu yake rabawa, har ya yi ritaya daga wannan. Asabar kuwa ta allo ce.

Kowane ɗan sarƙa jami'a tana ba shi kujera biyu, a bayansu kaɗan. Da yaran suna ƙanana su ake sawa a ɗayar, bi da bi, da kuka da rabon faɗa. Da suka girma suka watse, macen Memphis, namijin soja, sai kujerar ta zama ta jakar Ozella da bargo. Abin da take gani na mijinta duk tsawon wasa shi ne ƙeya da bayan riga. Ta san ƙeyar nan tun gashinta yana baƙi wuluk har ya yi fari. Ita kuwa Allah ya ba ta murya, ita ke jan waƙa a coci, don haka ihun mutum biyu take yi, nata da nasa. In an ci sai ta rungume ƙawarta Maybelle Pickens da ke zaune a damanta, sannan ta leƙa ta hango mijinta a sandare kamar turken wayar lantarki. Ba wani babban abu take so ba. So take wata rana a ci, ta juyo hagu, ta same shi.

"In na ajiye allon," yake cewa kullum. "Har sai kin gaji da ni."

A watan Agusta likitan ido a Jackson ya gaya musu abin da ake ciki. Tsakiyar ganin ne ke tafiya, kuma ba ya dawowa. Yanzu yana ganin launi da motsi da abin da ke kusa. Kafin itatuwa su sake tohowa, ko ita sai dai ya gane ta da murya. Hollis ya ce zai ƙarasa kakar bana, tunda diddigen alƙali a gaban ƙafarsa yake, lambar kuma da hannu yake juya ta. Ozella ba ta yi musu ba, ta dai karɓe makullin mota.

Aka yi wasan gida na ƙarshe a Nuwamba, aka ci. Dewitt Sandifer, shugaban 'yan sarƙa, ya yi ɗan jawabi a bayan fili, Hollis ya miƙa allon ga Rayford, wanda ya shekara goma sha ɗaya yana jiran gurbi har furfura ta fito masa. Aka yanka kek, aka ɗauki hoto. Sai da suka shiga mota Ozella ta tayar, abin ya faɗo mata.

"Hollis. Wasan gida na gaba yaushe ne?"

Ya juya hular a hannunsa.

"Satumba," in ji shi.

Ta kashe motar. "Satumba. Kai da ba ka taɓa ɓatar da ƙirge ba tun ina amarya, wannan ne ba ka iya ƙirgawa ba? Da ka ajiye shi tun makon jiya me zai cinye ka?"

"Gaskiya Zella, bai zo mini ba."

"Ni ma bai zo mini ba," ta ce. Wannan ne ma ya fi ƙona mata rai. Ta sake tayar da motar, suka kama hanyar gida.

Ƙofa ɗaya ta rage. Bana yaran ƙungiyar sun yi abin da ba su taɓa yi ba, sau ɗaya tak aka ci su, kowa kuma ya san suna cikin goma sha biyun da za su shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale. Amma inda za a buga, wannan yana hannun kwamiti, wasu mutane da ke kulle kansu a ɗakin otal can Texas suna jera ƙungiyoyi daga ta ɗaya zuwa ƙasa. Huɗun farko hutawa suke a zagayen farko. Ta biyar zuwa ta takwas, a gida za a zo a same su. Daga ta tara kuwa sai ɗaukar jaka. Jerin da ya fito ranar Talata ya sa Harlan Ferry ta tara, jami'ar Corwin ta can Ohio ta takwas.

In aka tashi a haka, Ohio za a je, cikin ƙanƙara, inda ake jefa baƙi can saman kusurwa kusa da tsuntsaye. Daga can ko mai lafiyar ido tururuwa yake gani. Hollis ba abin da zai gani sai fari.

Ozella da ba ruwanta da wani jeri, ita dai a ci, sai ga ta da takarda manne a jikin firji, sunayen makarantun da ba ta san inda suke ba, da wanda ya ci wa, da nawa. Ranar Asabar Corwin ta buga wasanta na ƙarshe aka ci ta da maki uku. Ozella ta ɗaga hannu sama a tsakiyar falo, sai kuma mutanen talabijin suka fara surutu har la'asar, wai bai kamata a hukunta su ba tunda da ƙyar aka ci su. Ta kashe talabijin ɗin, ta ɗauki jakarta ta tafi kicin ɗin coci, inda mata ke wanke ganyen abincin Lahadi.

"Su wa suka ci duk shekarar nan?" in ji Maybelle, hannunta cikin ruwa har gwiwa. "Ki faɗa mini su wa suka ci. Makarantar koyon aski?"

"Mai jan wuyan nan na talabijin ya ce faɗuwarsu mai kyau ce."

"Faɗuwa mai kyau! Ni ma na yi faɗuwa mai kyau a banɗaki bara, har yau ƙuguna bai ga kyanta ba."

Mata suka kwashe da dariya. Ozella ta yi ɗan murmushi, ta ci gaba da tsinke ganye. Maybelle ta dube ta ta gefen ido, ta rage murya.

"Za su ba mu, 'yar'uwa."

"Mutanen nan ko sunan garinmu ba su iya faɗa daidai ba, Maybelle."

Da safiyar Lahadi, kafin ta ɗora ruwan kofi, ta durƙusa a gefen gado, gwiwoyin suna ƙara. Ta ce, "Ubangiji, ka san ban taɓa kawo maka maganar ƙwallo ba, in ma na kawo ba da gaske nake ba. Ba kofin gasar nake roƙo ba. Ban ce ka karya ƙafar ɗan kowa ba. Takwas kawai. In kuma ba nufinka ba ne, to ka ƙaro mini haƙuri, don wanda nake da shi ba zai kai ba." Ta miƙe ta goge wa Hollis farar riga.

Ƙarfe goma sha ɗaya ake sanar da jerin, daidai tsakiyar wa'azi. Fasto Gaines yana cikin littafin Ishaya, ya ɗago ya ga rabin cocin sun sunkuyar da kai. Ya cire tabarau, ya rufe Littafin a kan yatsansa.

"Ina ganin kawuna a ƙasa," in ji shi, "kuma na san ba addu'a ba ce, don addu'a ba ta haska fuska da shuɗin haske. Ɗan'uwa Dewitt, faɗa mana mu huta, mu koma wajen annabi."

Dewitt ya miƙe daga bencin baya, waya a hannunsa. "Ba su zo kanmu ba tukuna, Fasto. Suna kan ta bakwai. Sun tafi talla."

"To mu ma mu jira tallar."

Coci ya yi tsit, sai ƙarar injin ɗumama ɗaki. Ozella tana can sama cikin mawaƙa, ta damƙe littafin waƙa har ya lanƙwashe.

"Takwas, Fasto! Takwas! Corwin za su zo nan!"

Abin da aka yi a cocin nan ko ranar Ista ba a yi shi ba. Mai piyano ya danna duk abin da hannunsa ya samu. Maybelle ta jefar da mafici. Ozella kaɗai, mai muryar da ta fi ta kowa, ba ta ce uffan ba. Ta nemo Hollis a bencin dattawa. Yana zaune yadda ya saba, hannu a kan gwiwa, fuska ba komai. Can sai ya ɗago kai wajen mawaƙa, yana lalube da ido, bai san daidai inda take ba. Ta yi gyaran murya sau ɗaya. Ya juyo daidai, ya gyaɗa kai.

Ranar wasan rana ta fito amma ba zafi, iska mai sanyi na tasowa daga kogi. Ozella ta ajiye masa koriyar rigar sanyi ta ƙungiya a kan gado. Ya ɗaga ta ya juya kamar wadda aka yi aronta.

"Dole ne?"

"Sa."

Ya sa, ya ɗora kwat a kai ya ɓalle maɓallan har wuya. A bakin fili ƙafarsa ta karkata wajen ƙaramar ƙofar nan da kanta, sai da ta janyo hannun rigarsa. Suka bi layi tare da jama'a, aka duba jakarta, suka gangara zuwa layi na uku. Ta cusa jakar a ƙarƙashin kujera ta ce masa, "Zauna."

Maybelle ta leƙo ta gaban Ozella ta ƙare masa kallo. "Ikon Allah. Ashe mutumin nan yana da fuska! Shekara talatin muna gaisawa da ƙeya."

"Barka da rana, Mis Maybelle."

"Ka iya ihu kuwa, ko a koya maka?"

"Zan kalli yadda kuke yi."

Ana busa usur ya miƙo hannu ya kama na hagunta. Zuciyar Ozella ta buga kamar ta 'yar sha takwas. Ba ta dube shi ba don kada ya ji kunya ya saki. Ya riƙe manuniyarta. Aka yi yunƙuri ɗaya, sai ta ji ya koma ɗan yatsan tsakiya. Aka sake, ya koma mai zobe. Da yaran suka ci yadi goma, ya dawo manuniya.

Ta juyo a hankali. "Hollis Tubbs. Ƙirge kake yi da hannuna?"

"Alƙalai roba suke sawa a yatsa suna matsarwa. Ni ba ni da roba."

"Au, ni ce robar."

"In kina so in saki..."

"Wa ya ce ka saki?"

Kafin hutun rabin lokaci yaran suka kutsa suka ci. Fili ya ɗauka. Ozella ta zabura, ta juyo hagu da hannuwa a buɗe, ta same shi. Yana zaune. Fuskar nan ta mai jiran likita. Ta cafko kwat ɗinsa ta ɗago shi tsaye, ya tafa sau biyu kamar mai kashe sauro, ya koma ya zauna ya nemi hannunta. Ba haka ta tsara abin a ranta ba duk shekarun nan. Ta zauna ita ma, ta gyara bargo a kan gwiwoyinsu, ta ji kafaɗarsa a jikin tata, ta ce wa kanta, to, wannan ma a da babu.

Da aka tafi hutu 'yan badujala suka fito, su ɗari biyu da wani abu, ƙahonin tagulla suna walƙiya a rana. 'Yan sarƙa a wannan lokacin ɗakin alƙalai suke shiga su sha kofi. Hollis ya miƙa wuya, ya karkata kai gefe, don ta gefen ido yake ɗan gani.

"Mene ne wancan mai ƙyalli yana jujjuyawa?"

"Su ne. Yanzu sun yi da'ira. Ga shi sun buɗe, sun zama jirgin fito, har da hayaƙi."

"Da mutane?"

"Da mutane mana. 'Yan matan tuta su ne ruwan."

"Kullum haka suke yi?"

"Kowane mako da irin nasa."

Ya daɗe yana kallon abin da yake iya kalla. "Kin sha kallo, Zella."

Ta so ta ce, ni kaɗai. Ta haɗiye, ta buɗe kula ta ba shi cinyar kaza.

Wasa ya yi zafi. A ci nan, a rama can. Saura minti biyu a tashi Corwin na gaba da maki huɗu, ƙwallo a hannun Harlan Ferry, yadi goma sha biyar tsakaninsu da layin ci, daidai gaban layi na uku. Bugun ƙafa maki uku ne kawai, ba zai wadatar ba, sai an shiga da ita. Ba wanda ke zaune a filin sai Hollis, ita kuma Ozella ta tsaya a ɗan sunkuye don hannunta yana wurinsa.

Yunƙuri na ɗaya aka ruga da ƙwallo, yadi biyu. Na biyu aka jefa, yara biyu suka yi karo a sama, ƙwallo ta faɗi ƙasa, ɗan Corwin ya faɗi bai tashi ba. Fili ya mutu. 'Yan wasan duka suka durƙusa a gwiwa ɗaya. Likitoci suka ruga, aka kira ƙaramar motar ɗaukar masu rauni, 'yan sarƙa suka kwantar da sandunansu suka ja baya don ta wuce. Ozella ta rufe ido tana yi wa yaron addu'a, da uwarsa, ko tana ina. An fi minti goma. Da aka ɗora shi ya ɗaga babban yatsa, kowa ya tafa, har Hollis.

Aka dawo. Aka sake rugawa da ƙwallo, aka tare su bayan yadi biyu. Koci ya nemi ɗan hutu don ya shirya yaran. Ozella ta ji Hollis ya koma ƙaramin yatsanta, amma hankalinta ba ya wurin.

"Ba komai yara!" ta ƙwala. "Saura biyu! Saura biyu!"

"Biyu me?" in ji Hollis.

"Yunƙuri biyu mana."

"Me allon Rayford ya nuna?"

"Uku."

"Babban allon filin fa?"

Ta ɗaga kai. "Uku."

"Huɗu ne." Ya matse ƙaramin yatsan. "Gudu. Jifa, wanda yaron ya ji ciwo. Gudu. Wannan na huɗu ne. Rayford ya kwantar da sandar bai juya ba, ya ɗago ta a kan biyu. Alƙalin ma ya bi allon."

Maybelle ta ji. Ta sunkuyo, idanunta waje. "Hollis, ka rufe bakin nan. Kai yanzu ɗan kallo ne. Alƙalai takwas ne a filin nan da na'urori, ba su gani ba, sai kai da ba ka... Kyauta ce daga sama, ka bar mu mu karɓa."

"Ba daga sama ba ce, Mis Maybelle. Daga Rayford ce."

Ya miƙe. Ya ɗaga yatsu huɗu. "Dewitt!" Muryar ta fito siririya, ta ɓace a ƙarƙashin ganguna. "Dewitt! Rayford!" Ga su nan taku goma sha biyar a gabansa, ƙeya uku a jere, ba mai waiwayowa. Shi da kansa ya koya wa biyu daga cikinsu kada su waiwayo ko ana kiran sunan uwarsu.

Ya juyo. "Zella, muryata ba ta kaiwa."

Ta san abin da yake nema. Ta dubi yaran a tsaye zagaye da koci, kore shar, tururi na tashi daga kawunansu. Ta san sunan kowannensu, ta san wanda uwarsa ke zuwa daga Greenwood a motar haya. Yunƙuri biyu daga nan ai kamar an ci ne. Ta riga ta hango shi: a ci a minti na ƙarshe, fili ya tsage, wataƙila, wataƙila ma wannan karon ya manta kansa ya yi ihu. Abin da ta durƙusa ta roƙa ke nan, ga shi saura taku kaɗan. In ta yi shiru na rabin minti, shi ke nan, ba wanda zai ce ta yi laifi.

Sai ta dubi fuskarsa. A filin nan ba ta taɓa ganinta kusa haka ba. Ba ta mai jiran likita ba ce yanzu. Idanun suna neman ta suna ɗan kaucewa gefe, yatsu huɗun suna sama har yanzu.

"Kai dai ka cuce ni," ta ce.

Ta cire bargo daga kafaɗa ta miƙa wa Maybelle. Ta cika ƙirji kamar za ta ɗauko baitin ƙarshe ranar Ista.

"DEWITT SANDIFER! HUƊU NE!"

Duk Lahadin duniya Dewitt yana jin muryar nan a kansa. Wuyansa ya juya kafin ya tuna doka. Ya ga Ozella, ya ga Hollis da yatsu huɗu. Ya dubi allon Rayford, bakinsa na motsi yana ƙirgawa. Sai ya saki sandarsa ya taɓa kafaɗar alƙalin gefe.

Usur. Alƙalai suka taru a tsakiya, kai da kai. Babban alƙalin ya tafi wajen na'urar duba bidiyo, ya daɗe, ya dawo ya kunna abin maganarsa ya ce an yi kuskuren ƙirge, yunƙuri na huɗu ne. Rayford ya juya lambar, kansa a ƙasa. Ihun da aka yi wa alƙalan nan har kogi an ji shi. Waɗanda ke kusa kuwa sun san daga inda abin ya fito. Wani ya watso gugguru a bayan Ozella. Ba ta juya ba, ta kakkaɓe wa Hollis kafaɗa.

Aka jera. Aka jefa ƙwallo can kusurwa. Yaro ya tashi, ƙwallo ta wuce, ta faɗi a ciyawa. Corwin suka karɓa, suka yi ta durƙusawa da ita suna cin lokaci har ya ƙare.

Maybelle ta ninke bargon ta ajiye a kujerarta, ta tafi ba sallama. Wani mai jan gemu daga layi na biyar ya tsaya a gefensu ya ce, "Sannu da aiki, Mis Ozella. Mutanen Ohio sun gode." Ta ce, "Ka gai da mamarka, Travis, ka ce mata na ga tarbiyya." Ya wuce sum-sum. Dewitt ya naɗe sarƙa, ya zo daidai ƙarfen da ya raba su da fili, ya taɓa bakin hularsa, ya wuce.

Su ba su tashi ba. Matakalar ta cika da mutane, ba za ta sa shi cikin turereniya ba. Rana ta karkata, inuwar benen can ta rufe rabin filin. Masu shara suka fara daga sama.

"Na ɓata miki ranarki," in ji Hollis.

"Ka ɓata."

"Maybelle fa?"

"Za ta huce. Tukunyata tana gidanta, dole ta kawo."

Ya gyaɗa kai. Ita kuwa ta juya wajen filin. Tana kallon ciyawar, tana tunanin duk Asabar ɗin da suka wuce, ɗari biyu da nawa, da ta zauna a nan da jaka a gefenta. Wannan ɗayar da ta samu ga yadda ta ƙare, kuma ko yanzu aka ce ta mayar a ba ta wata, ba ta san me za ta ce ba.

"Zella. Jifan ƙarshen nan. Ban gani ba. Na ga kore ya tashi sama, shi ke nan. Gaya mini."

Ta gyara zama. "Mai jifan ya ja baya taku biyar. Wani ƙato ya taho masa ta dama, ya goce, saura kaɗan ya faɗi, ya dafa ƙasa da hannu ɗaya ya miƙe. Ɗan Greenwood ɗin nan ya yi kamar zai shiga ciki, ya karya waje, ya bar mai tsaronsa taku guda. Taku guda cur, Hollis. Ƙwallon ta tafi tana juyawa, kyakkyawa, sai dai ta ɗan yi sama. Ya tashi. Ban taɓa ganin yaron nan ya tashi haka ba."

Hollis ya rufe ido. "Ya taɓa ta?"

"Da yatsu biyu."

"Biyu?"

"Har ta canza hanya."

"KASH!" Ya daki gwiwarsa da tafin hannu, ƙarar ta tafi ta bugi benen da ba kowa ta dawo. Wata mai shara ta tsaya da tsintsiya a hannu. "Kash, yaro! Ai da hannu biyu ake zuwa mata! Da ya ɗan jinkirta tashin, da ta faɗo masa a ƙirji!"

Ozella ta saki baki tana kallonsa. "Sai yanzu ka ga dama? Da kowa ya tafi?"

Yana haki, kunnuwansa sun yi zafi. Ya ɓalle maɓallin kwat na sama, koren ya leƙo.

"Wadda muka ci kafin hutu," in ji shi. "Ita ma ban gan ta ba, ina ƙirge. Faro mini daga inda aka karɓi ƙwallon."

Ta dubi matakalar, ta dubi mai sharar, ta ɗaga mata hannu alamar a ɗan yi haƙuri. Ta jawo bargon daga kujerar Maybelle ta rufa musu.

"To saurara, kada ka katse ni. Muna kan yadi talatin namu, iska tana bayanmu."